Neman shawara: ina son haɗa gangar wankin dutse a gida don ruwan wuƙa

Maƙerin_Bayan_Gida ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu walda da masu ƙira da duk wanda ya taɓa haɗa wani inji da hannunsa ku matso kusa, abu ya ɗan cakuɗe min.

Ni ba gadon ƙira na yi ba, sha'awa ce ta ja ni, shekarata ta uku ke nan ina ɗan taɓa wuƙaƙe a bayan gida da tsohon sifirin ɗin mota da nake samowa wajen 'yan gwangwan. To akwai wani irin ado da nake gani a YouTube ana yi wa ruwan wuƙa, suna ce masa sitonwash, ni dai wankin dutse nake kiransa, wato a jefa ruwan wuƙar cikin ganga tare da ƙananan duwatsu a yi ta juyawa har duwatsun su bi jikin ƙarfen su bar masa ƙananan zane ta ko'ina, sai ya fito ba ƙyalli, wani toka-toka mai ɗigo-ɗigo kamar fatar zabo. Abin da ya ja ra'ayina shi ne wuƙar da aka goge ta yi fes kamar madubi rana ɗaya a hannun mai aiki ta tashi daga ado, ko ƙashi ta goga sai ka ga tabo, ita kuwa wannan tun asali jikinta duk zane ne, sabon zane ɓacewa yake a ciki.

Gwajin farko da hannu na yi, na samo robar man shanu mai murfi na zuba tsakuwar rafi kusan rabi na fesa WD-40, man fesawa na cire tsatsa, na jefa wata 'yar ƙaramar wuƙa na yi ta girgizawa, wajen minti 15, wallahi ya yi kyau sosai amma kafaɗata sai da ta kwana biyu tana ciwo, kuma tsinin wuƙar ya huda robar har sau biyu saura kaɗan ya same ni a tafin hannu. Kuma da na duba sai na ga kaifin duk ya faffashe kamar bakin zarto.

Sai na ce bari in yi dabara, na ɗauko ƙaramin bokitin fenti na huda tsakiyar murfin da gindin na zura dogon rodi na ɗaure da noti, na kafa rodin a bakin dirila na kunna. Minti 20 tana gudu, hannuna ya mutu, na buɗe, wuƙa na nan yadda na saka ta, ko alamar zane babu. Abin da ya fi ɗaure min kai ma ko ƙarar duwatsun ba na ji in tana gudu, sai in na saki kunamar dirilar sannan in ji sun zubo.

Yanzu ga Babbar Sallah na matsowa kuma akwai mutum 12 da suka ce in yi musu, duk kuma wanda ya ga waccan ƙaramar sai ya ce irinta yake so. Wane inji ya kamata in nema, wace irin ganga, wane irin dutse? Wuƙaƙen tsawonsu daga tsini zuwa ƙarshen inda ake sa ƙota bai wuce inci 11 ba. Kuma a tuna unguwarmu wuta sai an ga dama ake kawowa.

Injiniyan_Panteka ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. Malam ai kai ka ba kanka amsa da ka ce ba ka jin ƙarar duwatsun. Gudu ne ya yi yawa. Ka tuna wasan da muke yi muna yara, a sa ruwa a gwangwani a ɗaura igiya a yi ta wulwulawa sama da kai ruwan bai zuba ba? To shi ne ya faru a bokitinka, dirila tana juya ɗaruruwa a minti ɗaya, duwatsun da wuƙar duk sun manne a bango suna zagayawa tare kamar fasinjoji, babu mai gogar wani.

Kowace ganga tana da iyakar gudun da in ta kai shi kayan ciki suke mannewa, kuma akwai lissafinsa, shi masu injin niƙa dutse suke amfani da shi: ka ɗauki faɗin cikin gangar a mita, ka danna masa sikwaya rut a kalkuletar wayarka, sai ka raba 42.3 da abin da ya fito. Fayif ɗin roba na inci 6 cikinsa wajen santimita 15 ne, iyakarsa ta kama kusan juyi 109 a minti. Babban bokitin fenti na lita 20 mai faɗin santimita 30 kuwa tasa wajen 77 ce, wato duk girman ganga duk raguwar gudun da take ɗauka. Kai kuma ba iyakar kake nema ba, wajen rabinta kake so, yadda duwatsun za su hau bango su kai wani wuri su gangaro a kan wuƙar. Ga inci 6 ka nemi 50 zuwa 60 a minti. In ka taɓa ganin gangar masu suyar gyaɗa yadda ake murza ta a hankali gyaɗar na birkicewa, to haka.

Ni da ni ne kai fayif ɗin inci 6 zan saya irin mai kauri na ruwa, in yanka santimita 40, in sa masa murfi gefe biyu, ɗaya a liƙe da gam ɗaya ana cirewa. Amfanin fayif a kan bokiti, wuƙar inci 11 ba ta da filin da za ta wuntsila kai da ƙafa, dole ta kwanta a tsawonsa tana mirginawa, kaga tsini ya huta. Amma cikin fayif santsi gare shi, in ka bar shi haka kayan za su riƙa zamewa ne a ƙasa ba sa birkicewa, don haka ka yanko tsohon tif ɗin taya ka shimfiɗa a ciki da gam, sannan ka sa sirara biyu ko uku na robar taya mai kauri a tsawon fayif ɗin su riƙa ɗaga duwatsun. Kar ka bar kan kusa ko noti a buɗe a ciki, zai yi wa wuƙar wani dogon zane mai zurfi wanda bai yi kama da sauran ba.

Maganar inji, tunda ka ce wuta ba tabbas, nemi injin waifa na mota. Batir mai bolt 12 yake ci, ga giya a cikinsa tun daga kamfani, yawanci gudu biyu gare shi, ƙaramin wajen 40 da ɗoriya babban wajen 60 da ɗoriya, ya danganta da motar da aka ciro shi. Kaga kamar don wannan aikin aka yi shi. Sai dai ka kula, kai tsaye za ka haɗa shi da gangar. Na ga wani ya kwaikwayi irin wadda ake ɗora ganga a kan sanduna biyu masu juyawa ya sa injin waifa a jikin sandar, sandar santimita 2 gangar santimita 16, kaga sai sandar ta juya takwas kafin gangar ta juya ɗaya, abu ya koma bai kai 8 a minti ba, ya kwana yana jira. Kai dai ka kafa boris huɗu a kan katako ko angul, biyu gaba biyu baya, ka kwantar da fayif ɗin a kansu, ka fito da bol mai kauri daga tsakiyar murfin da ka liƙe, ka haɗa shi da bakin injin da guntun tiyo ka matse da kilif gefe biyu. Tiyon nan shi zai shanye 'yar karkatar da ba za ka rasa ba, in ka yi masa walda ƙam sai murfin ya tsage.

In kuma injin wuta ka samu irin mai 1400 a minti, to nan sanduna biyun suke da amfani: fuli inci 2 a inji, inci 6 a sanda, sandar ta dawo wajen 467, ka sa mata tiyo kaurinta ya zama santimita 2, gangar za ta fito wajen 58. Amma wannan sai bel sai fuli sai wuta, kashe kuɗin ya fi yawa. Injin waifa kuma yana ɗaukar zafi in ya daɗe, duk rabin awa ka taɓa shi, in ba ka iya riƙe hannu a kai ka bar shi ya sha iska. Ka sa fis a wayar batir ɗin.

Ɗan_Gayu_Na_Tasha ya rubuta:

Ikon Allah, mu muna biyan kuɗi a goge mana ƙarfe ya yi ƙyalli, wasu kuma inji suke haɗawa don su kakkarce shi 😂 Oga kawo su gidanmu ka ba ƙannena kwana biyu, kyauta za su yi maka wankin dutsen har da na ƙasa.

Jikan_Maƙera ya rubuta:

Slm. Ni gidanmu ƙira muka gada amma ni ɗinki nake yi, sai dai na karanta wa mahaifinmu tambayarka jiya bayan la'asar yana zaune a maƙera, na nuna masa hotunan irin wuƙar a waya. Da farko dariya ya yi, ya ce shi shekara da shekaru mahauta na zuwa wajensa ba wanda ya taɓa tambayarsa launin ruwan wuƙa, babban yatsa suke sawa a kaifi su ji, in ta yi musu su biya. Ya ce a gaya maka kar ado ya ɗauke maka hankali daga ban ruwa, wato gasa ƙarfen a tsoma shi ya yi tauri, don wuƙar da ba ta sha ruwa daidai ba ko da zinare ka wanke ta ranar Sallah za a dawo maka da ita tun ba a gama fiɗar rago ɗaya ba.

Amma da na karanta masa inda ka ce kaifin ya faffashe kamar zarto sai ya gyara zama. Ya ce abu biyu ne. Na ɗaya ka wasa ta kafin ka jefa ta cikin duwatsu, wanda kuskure ne, washi shi ne aikin ƙarshe bayan an sa ƙota ma, ka bar bakin da ɗan kauri kamar kaurin farce ko fiye kaɗan. Na biyu yana zargin ka tsoma ta a mai ka tsaya nan ba ka mayar da ita wuta ta huce taurin ba. Ƙarfen sifirin in ya fito daga mai tauri gare shi kamar gilashi, magagari ma zamewa yake a kansa, in ya faɗi a siminti yana iya karyewa, dole a goge shi ya yi haske a sake ɗumama shi a hankali daga baya ana kallon launi yana tafiya zuwa baki, in bakin ya yi ruwan zuma a tsaya, in ka bari ya kai shuɗi ka wuce gona da iri kaifi ba zai riƙe ba. Wannan ni na san masu yi da oben ɗin gida suna sa shi a wajen digiri 200 awa biyu, wasu su maimaita, shi dai Baba da ido yake yi.

Kuma wai baƙin da kake gani a wasu hotunan ba sabon abu ba ne, ya ce duk matar da ta yanka lemon tsami da wuƙar maƙera ta ajiye ba ta wanke ba ta san shi. Tsami ke sa baƙin ƙarfe ya yi duhu. Ya ce ka jiƙa tsamiya mai kauri ka tsoma ruwan wuƙar ya kwana ka gani, in ka ciro ka wanke da ruwan kanwa don kanwa ke kashe tsami, ka shanya a rana ka shafa mai nan take. A ƙarshe dai cewa ya yi in ka gama ka turo hoto ya ga abin da yaran zamani suke wahala a kai, ni kuma na san halinsa, in ya ce haka to abin ya shiga ransa ne.

Maƙerin_Bayan_Gida ya rubuta:

Jikan_Maƙera a gaishe min da Baba da kyau, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wallahi ya kama ni a na farkon, na wasa ta har tana aske gashi sannan na jefa, ɗoki ne. Na biyun kuwa ina mayar da su wuta, a kan murhun gawayi nake yi, amma ba zan rantse cewa ina tsayawa daidai ruwan zuman ba. Injiniya na gode ƙwarai, gobe in sha Allahu zan leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa neman fayif da injin waifa. Saura maganar dutse, tsakuwar rafin ta isa ko in nemi wani abu?

Na_Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum, ni daga nan Maraɗi nike, na yi irin aikin ga sau da dama amma ga ƙarfunan ado na babur da maɓallan ɗamara na hwara kahin in gwada ga wuƙa. Maganar dutse ita ce rabin aikin, don ba kowane dutse ka cin ƙarhen da ya sha ruwa ba. Tsakuwar rahi mai hwari ko ruwan ƙasa mai sulɓi, wadda in ka goga ma kwalba tana zana ta, wannan ta yi, ta hi ƙarhen tauri kaɗan, amma da yake ruwa ya riga ya gogar da ita zanenta sanyi garai, shina ɗaukar lokaci. Jan marmara da ɓurɓushin bulo kar ka ɓata lokacinka, narkewa su kai su zama taɓo.

Abin da ni na hi jin daɗinai shi ne karo, wanda ku can kuke ce ma tayil, amma mai tauri na ƙasa ba na bangon makewayi ba wanda cikinai ja ne kamar tukunya. Duk inda a ka gini za ka samu gutsattsarinai kyauta. Ka sa cikin buhu ka farfasa da guduma, ka sa tabarau don shina tsalle, ka zaɓi masu girman ɗan yatsa, santimita 1 zuwa 2. To ga inda mutane ka kuskure: sabon fashi kaihi garai kamar reza, in ka jehwa wuƙa a haka zane mai zurhi za shi yi mata, ba ado ba rauni. Ka zuba su cikin gangar su kaɗai da ruwa da ɗan sabulu ka bar su su ci junansu awa uku ko huɗu, ka wanke, ka damƙa a hannu, in ba su soke ka to sun nuna. Ni ina haɗa kashi biyu na karo kashi ɗaya na tsakuwar rahi, in kuma na samu tsohon buji na mota, filogi ke nan, sai in fasa hwarin jikin in ƙara kaɗan, wannan ya hi su duka tauri, kaɗan ya isa.

Kar ka cika gangar, rabi ko ya ɗara kaɗan, in ta cika babu wurin gangarowa. Kuma ka duba ramukan da ka huda ma ƙota, duk dutsen da ya yi daidai ramin sai ya shige ya maƙale, na taɓa ɓata rabin yini ina ƙwaƙulo guda da ƙusa. Ko ka tace ƙananan ko ka toshe ramin da guntun icce.

Ga ruwa: in ƙarhen mai tsatsa ne irin na sifirin, ruwan sabulu na aiki amma minti biyar bayan ka hiddo shi za ka ga ja ya hwara hitowa, sai ka kasance da tsumma da mai a hannu. WD-40 ya hi sauƙi amma tsada, kuma mai shina kumbura robar tif a hankali har gam ya saki. Ni sabulun wanke-wanke na ruwa nike sawa, cokali guda da ruwa kaɗan wanda zai jiƙa duwatsun kawai, ba wai su yi iyo ba. Essence, wato fetur, kada ma ka kusanto da shi, ga batir ga tartsatsi. Kuma wuƙa guda guda, na san goma sha biyu gare ka kana sauri, amma in ka sa biyu tsinin wannan ka sarar gehen waccan.

Maman_Rediyo ta rubuta:

Sannunku da aiki. Ni ba ruwana da wuƙa sai ta kicin, gyaran rediyo da haɗa ƙananan allunan lantarki na koya, amma na ga ana maganar sa ƙarfe ya yi duhu shi ya sa na ce bari in sa baki, don sinadarin da masu wuƙa na waje suke amfani da shi shi ne dai wanda muke cinye tagullar allo da shi, ferik kulorayid, ana samu wajen masu sayar da kayan lantarki ko masu kemikal, wani ruwa ne ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayin da ya daɗe a wuta, wani lokaci kuma gari ko dunƙule ake sayarwa a narka.

Tsamiyar da Baba ya faɗa tana yi, khal ma yana yi, amma su sai an kwana ko an ɗumama, kuma duhun bai kai na wannan ba. Shi in na ruwa ka samu sai ka sirka kashi ɗaya da ruwa kashi uku ko huɗu, ruwan sama ko wanda ke ɗiga daga AC ya fi na rijiya. A roba ko kwalba ake haɗa shi, kar ka kuskura ka zuba a kwanon ƙarfe ko na alminiyom, cinye shi zai yi. Guntun fayif inci 2 da aka toshe ƙasansa aka tsayar ya fi komai, ba ya cin ruwa da yawa. Ka wanke ruwan wuƙar da sabulu ka goge da sifirit, daga nan kar yatsanka ya sake taɓa shi, in ba haka ba hoton yatsan zai fito raɗau a jiki. Ka rataya da zare ka tsoma minti 5 zuwa 10, ka ciro ka ɗauraye ka duba, in bai yi maka ba ka mayar, gara sau uku gajeru da sau ɗaya mai tsawo. Daga nan sai ruwan kanwa ko bakin soda kamar yadda Baba ya ce, wannan kam dole ne, in ka tsallake zai ci gaba da ci a ɓoye. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi jinkirin kamawa, naka na sifirin nan da nan ne.

Duk inda ba ka so ya taɓa ka shafe da jan farce, in an gama a goge da abin cire shi. Masu wuƙa mai naɗewa haka suke rufe ramin da take juyawa a kai da inda take kullewa. Safar hannu da tabarau dan Allah, kuma tsofaffin kaya za ka sa, ni akwai hijabina da ya tafi a haka, tabonsa ba ya fita ko da me. Sauran ruwan a rufe a rubuta suna a jiki a ɗaga sama inda yara ba sa kaiwa, don kalarsa kamar lemon kwalba. Kuma na san wani zai zo ya ce ka yi da ruwan batir, kar ka saurare shi, wannan ƙona fata yake yana makantarwa.

Maƙerin_Bayan_Gida ya rubuta:

Jama'a na dawo da rahoto, ku yi haƙuri kwana tara shiru, aiki ne ya riƙe ni.

Gangar ta tashi. Fayif inci 6, boris huɗu a kan wani tsohon katakon benci, injin waifa da batir ɗin sola na gida. Na sa alamar fenti a murfin na ƙirga da agogon waya, babban gudun ya ba ni 58 in babu kaya, da na zuba duwatsu ya sauko 52, na bar shi a haka. Matsalar farko da na samu fayif ɗin tafiya yake yi a hankali yana matsawa gefe har ya zare daga tiyon, sai da na kafa boris na biyar a tsaye a ƙarshen yana tokare murfin sannan ya zauna. Injiniya wannan ba ka faɗa min ba 😄

Ƙara kuwa ba a magana. Daren da na sa tayil ɗin su ci junansu kamar yadda Na_Maraɗi ya ce, ko awa ɗaya ba a yi ba maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko injin markaɗe na saya, uwargida kuma ta ce ko ni ko gangar ɗaya zai kwana a waje. Washegari na kifa mata tsohon kwalin firij na lulluɓa bargo a kai na bar wa injin kafa ta shan iska, yanzu sai ka zo kusa kake ji, kuma da rana kawai nake kunnawa.

Na gwada uku. Ta farko ba tsami, minti 40, ta fito fari-fari mai laushin kallo, kyau dai amma sai ka juya ta a rana kake ganin adon. Ta biyu ta kwana a tsamiya, ta yi toka, minti 25 a ganga, wannan ita uwargida ta ƙwace. Ta uku ferik sau biyu minti bakwai-bakwai, ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya har na tsorata, na sa ta minti 20 na buɗe, wallahi sai da na yi kabbara, duhun na nan a ƙasa duwatsun sun bi sun fito da haske ɗigo-ɗigo, gefuna da kusurwoyi sun fi haske kamar an zana su da fensir. Na yi kwaɗayi na mayar da ita wani minti 20, sai duhun ya ragu sosai, da na sani na tsaya a na farko. Kaifi ko ɗaya bai fashe ba tunda na bar bakin da kauri, tsini dai ya ɗan dakushe kaɗan, wajen washi ya dawo.

Abin da ya ba ni haushi, a ta ukun akwai layukan giranda guda biyu kusa da ƙota da na yi wa ƙyuya na ce ai duwatsu za su ɓatar, ashe ƙarya ne, tsamin ma shiga ya yi cikinsu ya ƙara fito da su baƙi. Sauran taran yanzu duk na koma da su kan sanfefa, mai lamba 120 sannan 220 sannan 400, kafin su ga ganga.

Maman_Rediyo wandona ya bi hijabinki. Jikan_Maƙera ga hotuna nan na tura maka ta akwati a nuna wa Baba, ka ce masa ta biyun da tsamiyarsa aka yi. Tambaya ɗaya ta rage min, tif ɗin da na shimfiɗa ya fara ɓanɓarowa ta bakin murfi bayan kwana huɗu kuma ruwan sabulu kawai nake sawa, wane gam ne yake riƙe roba a jikin fayif in ana jiƙa shi kullum, ko in haƙura da gam ɗin in naɗo bakin tif ɗin waje murfin ya danne shi?